Figaro, Pao da danginsu: abin da mai tara motoci yake biya wa kuɗi a ƙananan motocin Japan masu shigar zamanin da

Wanda ya fara ganin Nissan Figaro bai san ta ba, zai rantse motar Turai ce ta wajen 1955. Fitilu zagayayyu, bamba mai ƙyalli, farin rufi da ake naɗewa baya, farin sitiyari, kujerun fata masu launin hauren giwa. Amma a 1991 aka ƙera ta, a Japan, kuma da na'urar sanyaya ɗaki da abin kunna faifan CD ta fito daga masana'anta. Idan aka ɗaga bonet, abin da ke ciki injin Nissan March ne, wato motar da Turai ta sani da Micra, dangin waɗannan ƙananan tasi da suka cika titunan Ibadan. A nan sirrin motar yake, kuma a nan masu saye da yawa suke kuskure: sai su ɓata lokaci suna sauraron inji, alhali kuɗin da haɗarin duk suna jikin bodi.

Ba a fahimtar waɗannan motoci sai an san lokacin da suka fito. Bayan yarjejeniyar Plaza ta Satumba 1985, wadda manyan ƙasashe suka ƙulla don rage darajar dala, darajar Yen, kuɗin Japan, ta tashi, kuɗin ruwa ya sauka, farashin filaye da hannun jari ya yi ta hawa har Nikkei, ma'aunin kasuwar hannun jari ta Tokiyo, ya kai 38,915 a ranar ciniki ta ƙarshe ta 1989. Matasan Tokiyo na da kuɗi a hannu, kuma mota ta koma abin ado kamar agogo ko jaka. Nissan kuwa tana bayan Toyota a kasuwa, ƙaramar motarta March samfurin K10, wadda ta fito a 1982, ba ta da aibu amma ba ta burge kowa. Sai kamfanin ya jawo wani mutum daga wajen harkar mota, Naoki Sakai, wanda ya fito daga duniyar tufafi da zane, aka ce a ɗinka wa March sabuwar riga.

Rigar farko ita ce Be-1. An nuna ta a baje kolin motoci na Tokiyo a 1985, aka fara sayarwa a farkon 1987, aka ce guda 10,000 kawai za a yi. Masu nema suka ninka motocin, sai da aka koma ƙuri'a, waɗanda suka samu kuma wasu suka juya ta da riba tun tana sabuwa. Daga nan kamfanin ya gane cewa ƙarancin da aka shirya da gangan shi kansa haja ne. Pao ta biyo baya a Janairu 1989: hinjin ƙofa a waje, tagogin baya da ake ɗagawa sama, ƙofar but mai rabuwa biyu, gefen jiki mai layi-layi kamar na tsohuwar motar daji. Wata uku kacal aka buɗe rajistar masu so, aka samu oda fiye da 50,000. A wannan shekarar aka fito da S-Cargo, 'yar motar kaya mai ƙusumbi wadda sunanta wasa ne da kalmar Faransanci ta dodon koɗi. Ita ba a kan March aka gina ta ba, injinta lita 1.5 ne na dangin Sunny, kuma kimanin 8,000 aka yi. Figaro ce auta. An tsara yin 8,000, neman ya yi yawa aka ƙara 12,000, jimilla 20,073, duk a 1991, duk ta hanyar ƙuri'a, a kan Yen miliyan 1.87. Kafin a gama raba su kasuwar hannun jari ta riga ta faɗi, kuma Nissan ba ta sake yin irin wannan wasa ba. Waɗannan huɗun su ake kira motocin Pike.

Abin da ya raba su da kwaikwayo shi ne babu wata tsohuwar mota guda da za a nuna a ce ita aka kwafa. A jikin Pao akwai ƙamshin Renault 4 da Citroën 2CV da Mini, amma ba ɗaya daga cikinsu ba ce. Figaro na tuna wa Bature Fiat 500 da ƙananan motocin Jamus na bayan yaƙi, tana tuna wa Bajafane tsohuwar Datsun Fairlady, amma duk wanda ya jera su zai ga ba a ɗauko layi ɗaya kai tsaye ba. Begen wani zamani aka sayar, zamanin da babu wanda ya taɓa rayuwa a cikinsa. Har sunan Nissan aka ɓoye, sai an duba da kyau ake ganinsa. Wannan ne ya sa ba su tsufa ba: motar da aka zana don ta yi kama da gobe, gobe na zuwa ta ƙaryata ta, ita kuwa wadda tun haihuwa ta yi shigar kaka, shekara talatin ba ta canza mata komai.

Akwai ruɗanin da ya kamata a warware, domin ana yawan kiran Figaro da Pao motocin kei. Ba su ba ne. Kei rukuni ne na doka a Japan, mai rangwamen haraji da lamba rawaya. Daga 1990 ƙa'idarsa inji kada ya wuce cc 660, tsawo mita 3.3, faɗi mita 1.4, sannan a Oktoba 1998 aka faɗaɗa zuwa mita 3.4 da 1.48. Figaro na da cc 987, tsawonta mita 3.74. Guguwar yi wa mota shigar zamanin da, ta shiga rukunin kei ne daga baya, kuma da wata dabara ta daban. Subaru ta fara da Sambar Dias Classic a 1993, ta biyo da Vivio Bistro a 1995, wadda ta yi kasuwa sosai har kowa ya bi sahu: Mitsubishi da Minica Town Bee, Daihatsu da Mira Classic sannan Mira Gino a 1999, Suzuki da Alto Lapin a 2002. Yawancin na farkon fuska kawai aka sauya musu, wato fitila zagayayya, raga mai ƙyalli a gaba, ɗan katako a dashbod, amma ƙofofi da rufi da gilasai na motar yau da kullum ne. Ga mai son hawa wannan alheri ne, domin kayan gyara ba sa wahala. Ga mai tarawa kuwa shi ne dalilin da ya sa ba su kai motocin Pike daraja ba: an yi su da yawa, ba a kuma rufe ƙofa ba. Mitsuoka Viewt, wadda ta fito a 1993, ita tata hanyar daban ce, March ce samfurin K11 da aka yi wa gaba da baya irin na Jaguar Mark 2, kuma ita kwaikwayo ce ba ɓoye-ɓoye.

To me ke jan masu tarawa? Tsohuwar motar Turai ta gaske ta shekarun 1950 tana zuwa da birki mai rauni, wutar da ke ɗaukewa, da injin da ke son a lallashe shi kowace safiya. Figaro na ba da wannan kamanni da injin da ke shan mai ta allura, birkin faifai a gaba, sitiyari mai taushi, da giya mai canza kanta. Ga adadin da aka sani wanda ba zai ƙaru ba, kullum ma raguwa yake. Sai kuma dokoki, waɗanda su ne suka tsara kasuwar fiye da yadda ake zato. A Japan binciken lafiyar mota da ake kira shaken yana zuwa bayan shekara uku da saye, daga nan duk shekara biyu, kuma haraji na ƙaruwa idan mota ta wuce shekara 13. Wannan ya sa riƙe tsohuwar ƙaramar mota ya zama asara, aka yi ta tura su gwanjo. Birtaniya, da yake su ma sitiyarinsu a dama yake, ta kwashi dubban Figaro tun kafin wasu su farga, har aka samu garejin da ba su da aiki sai ita. Kanada na barin shigo da motar da ta kai shekara 15. Amurka kuwa sai ta cika 25, don haka Pao ta halatta a can a 2014, Figaro a 2016, kuma shigar masu sayen Amurka gwanjon Japan ya ɗaga farashin masu kyau. Haka za a ci gaba da gani: duk samfurin da ya kusa cika 25, farashinsa a Japan kan fara motsi tun kafin ranar.

Launi ma kuɗi ne. Figaro ta fito da launi huɗu, kowanne na wakiltar wani yanayi na shekara: Emerald Green na lokacin tohon ganye bayan sanyi, Pale Aqua na lokacin zafi, Topaz Mist na kaka, Lapis Grey na hunturu. Topaz Mist ce ba ta samu masoya ba a 1991, aka yi kimanin 2,000 kawai, yau kuma ita ake nema. Duk Figaro mai ruwan hoda ko ja ko baƙa da aka gani, fenti aka sake mata, akasari a Birtaniya. Ba laifi ba ne ga mai hawa, amma mai tarawa zai duba ƙaramin allon ƙarfe da ke ɗakin inji, inda lambar shasi mai farawa da FK10 da lambar launi suke, ya gwada da abin da idonsa ke gani a cikin but da ƙarƙashin kafet, wuraren da mai fenti ba ya kaiwa.

Yanzu ga inda ake asara. Tsatsa ce ke kashe Figaro, kuma tana da hanyoyi biyu. Ta farko daga ƙasa: motocin da aka yi don kasuwar Japan ba a shafe ƙarƙashinsu da kauri ba, sai aka kai su ƙasashen da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara. Ta biyu daga sama, kuma ita ce mafi sharri. Rufin yana naɗewa ne ya shiga wani but na sama, kuma ruwan saman da ya zubo ta gefen rufin da bakin wannan but an yi masa magudana da 'yan bututu da ke fitar da shi ƙasa. Ganye da ƙura na toshe su. Ruwan sai ya kwanta, ya gangara cikin bangon baya, ya ci ƙarfen daga ciki. Lokacin da aka ga ƙuraje sun taso a fentin bakin tayar baya, cikin ya daɗe da ruɓewa. Saboda haka dubawa tana farawa ne daga bakin tayoyin baya, sai dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi, musamman ƙarshensa na baya, sai ƙasan but na ƙasa inda safaya take, sai firam ɗin gilashin baya, sai bayan bamba. A tafi da ɗan maganaɗisu a naɗe shi a ƙyalle: inda ya ƙi kamawa, fila aka cusa aka yi fenti a kai. A ɗaga kafet a taɓa da hannu. A zuba ruwa kofi ɗaya a magudanar a ga ko zai fito ƙasa nan take. Idan bai fito ba, an san inda ya tafi. Motar da aka feshe ƙarƙashinta da baƙin kwalta sabo fil gab da sayarwa, a yi mata kallon tuhuma.

Da Pao da Be-1 gwajin maganaɗisu na iya ruɗar mutum, domin wasu sassan gabansu, kamar fenda, da roba mai tauri aka yi su tun daga masana'anta. Ba sa tsatsa, amma suna tsagewa, kuma mai gyaran bodi ba zai iya buga su su miƙe ba. A Pao wuraren ruɓa su ne bakin rufin tamfol ga masu shi, ƙasan ƙofofi, kewayen gilashin gaba, da bakin tayar baya.

Dalilin da ya sa bodi ya fi inji muhimmanci lissafi ne mai sauƙi. March K10 an yi ta shekara goma, daga 1982 zuwa 1992, an sayar da ita a ƙasashe da yawa, don haka kayan birki, bel, fulogi, matatar mai, da yawancin kayan ƙafa ana samunsu. Amma fitilar Figaro, bambarta, ƙyallin da ya zagaye jikinta, maɓallan dashbod masu siffar fure, rediyonta, gilashinta, duk don motoci dubu ashirin aka yi su, sau ɗaya. Wasu ƙananan kamfanoni a Birtaniya da Japan suna sake ƙera rufi, robobin ƙofa da faci na bakin taya, sauran kuwa sai daga jikin wata motar da aka yanka. Mota mai mataccen inji da lafiyayyen jiki abin saye ce. Mai daɗin inji da ruɓaɓɓen jiki rami ce.

Wannan ba ya nufin injin ba shi da nasa hali. Be-1 da Pao suna da MA10S, cc 987, mai kafireto, ƙarfin doki 52, da giyar hannu mai biyar ko mai canza kanta mai uku. Inji ne marar rigima. Matsalarsa yawanci shaƙar safe ta atomatik, wato cok da ke taimaka wa inji tashi da sanyi, da ƙananan bututun iska na roba da suka bushe suka tsage, sai mota ta riƙa mutuwa a tsaye ko tana shan mai fiye da kima. Figaro kuwa, da yake ta fi nauyi, kilo 810, an sa mata MA10ET mai turbo, doki 76, kuma giya mai uku ce kawai, babu ta hannu. Rashin giya ta huɗu na nufin a kan babbar hanya injin yana juyawa da sauri sosai na tsawon lokaci, zafi na taruwa a ɗan ƙaramin ɗaki. Turbo ɗin kansa hayaƙin salansa ne ke juya shi, sau fiye da dubu ɗari a minti, kuma sandarsa a kan siririn baƙin mai take yawo. Idan aka kashe mota nan take bayan gudu, man da ke cikinsa ya tsaya ya ƙone ya zama gawayi, bututun da ke kai masa mai ya ƙuntata, daga nan sai ya fara cin kansa. Alamarsa shuɗin hayaƙi idan an taka bayan mota ta daɗe a tsaye tana aiki, da kuka kamar na jiniya. Maganin ba tsada: juyen baƙin mai da matata duk kilomita 5,000 ko duk shekara, wanda ya riga zuwa, da barin injin ya yi aiki a tsaye minti ɗaya zuwa biyu kafin a kashe. Wanda zai sa sabon turbo bai canza ko ya wanke bututun man ba, zai sake sayen wani.

Zafi shi ne abokin gaba na biyu. Lagireton da ya shekara talatin rabin hanyoyinsa sun toshe, kan injin kuma na alminiyam ne, tafasa ɗaya ta isa ta lanƙwasa shi ta ƙona gasket. A buɗe murfin baƙin mai a duba ko akwai farin kumfa kamar madara, a buɗe lagireto tun injin na da sanyi a tayar a ga ko ruwan na tsirto da kumfa. A nace a tayar da motar da sanyinta. Mai sayarwar da ya ɗumama ta kafin a iso, akwai abin da ba ya so a ji. Tayimin bel na roba ne, kuma a motar da ba a cika hawa ba shekaru ne ke kashe shi, ba kilomita ba. Idan babu takardar da ta nuna an canza shi cikin shekara huɗu ko biyar da suka wuce, a canza, tare da famfon ruwa da abin ɗaure bel ɗin, tunda aikin buɗewar ɗaya ne. Bututun fetur na roba su ma a sauya su, musamman inda ake gauraya fetur da etanol, kamar Birtaniya da ta koma E10, fetur mai etanol har kashi goma cikin ɗari, a 2021.

Sauran ƙananan abubuwa ne masu cin kuɗi a hankali. Rufin leda yana ƙanƙancewa da rana har ya bar rata a gefe. Saman dashbod yana tsagewa. Na'urar sanyi da iskar R12 aka yi ta, wadda aka daina, sai an juya ta zuwa R134a da sabon mai da sababbin robobi. Rediyon yana kama zangon FM na Japan ne, 76 zuwa 90, don haka a wata ƙasa yawancin tashoshi ba za su shigo ba sai an ƙara masa ɗan akwatin faɗaɗa zango. Cire shi a sa na zamani kuwa rage darajar motar ne, gara a gyara na asalin. Tayoyin inci 12 ne, kuma masu kyau a wannan girman sun fara wuya.

Mai saye daga gwanjon Japan yana da makami ɗaya, takardar mai duba mota. Ana ba mota maki, 4 zuwa sama mai kyau ce, 3.5 ta sha hidima, R na nufin an taɓa gyara ƙashin jikinta bayan haɗari. A kan zanen motar ana sa haruffa: A ƙarzuwa, U loɓawa, W gyaran fenti mai igiyar ruwa, S tsatsa, C ruɓa, XX an canza sashen. Ga waɗannan motoci, C ɗaya a bakin tayar baya ta fi A goma muni. Maki kansa ba ya wadatarwa, domin mai dubawa minti kaɗan yake yi kuma ba ya ɗaga kafet. Bayanin da ya rubuta da hannu a gefe shi ya kamata a sa a fassara. Takardar fitar da mota daga ƙasar tana ɗauke da kilomitar da aka rubuta a shaken na baya-bayan nan, a gwada da abin da agogo ke nunawa. A kuma tambayi yankin da ta zauna: Hokkaido da arewacin Honshu ƙasar ƙanƙara ce, Okinawa iskar teku ce. Ƙarancin kilomita ma ba kullum ne albishir ba, motar da ta shekara goma a ajiye robobinta sun bushe, birkinta ya kama, tankinta ya yi tsatsa daga ciki.

Ga mai karatu a Najeriya ko Nijar ko Gana da abin ya ba shi sha'awa, akwai katanga. Duk motocin Pike da sitiyari a dama aka yi su, babu ko ɗaya ta hagu daga masana'anta. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972, Gana a 1974, kuma dokokin ƙasashen biyu ba sa maraba da mota mai sitiyarin dama, ga kuma, a Najeriya, iyakar shekarun motar da ake shigowa da ita, wadda motar 1991 ta wuce da nisa. Juya sitiyari, wanda makanikai suka saba yi wa wasu motocin, a nan yana nufin yanka dashbod ɗin da ba a taɓa yin na hagunsa ba, wato lalata ainihin abin da aka biya kuɗi dominsa. Ko da an tsallake wannan, ranar Maris da Afrilu a Sakkwato ko Damagaram za ta gama da rufin leda da fatar kujeru cikin 'yan shekaru idan ba a inuwa motar take kwana ba, ƙurar hunturu kuma ita ce daidai abin da ke toshe magudanan rufin kafin ruwan farko ya sauka.